Hangen Dala da Jiragen Alfarma

Akwai jirgin sama da ake wanka a cikinsa. 'Yan'uwa ɗalibai, ba wasa muke yi ba, kuma ba wanke fuska muke nufi ba. Wanka sosai, da ruwan zafi da sabulu da tawul, alhali jirgin yana tafiya a saman gajimare, kimanin ƙafa 40,000 daga ƙasa. Akwai wanda ake shimfiɗa wa mutum gado a ciki, ya ja ƙofa ya yi barci har gari ya waye masa a wata nahiya. An ma taɓa yin wanda ya fi sauti gudu. Mu 'yan kulob ɗin 'yan jarida mun daɗe muna tara labaran irin waɗannan jirage, duk da cewa mutum biyu ne kawai a cikinmu suka taɓa taka matattakalar jirgi, su ma ɗayan a goye aka shiga da shi.

Filin jirgin Kaduna yana can bayan Mando, mu kuwa muna nan tsallaken kogi, daga Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Television da Sabon Tasha. Jirgin da muka fi sani shi ne wanda ke ratsa sama kamar allura yana jan farin zare, sai na sojojin sama da ke wucewa da ƙara har malami ya dakata da bayani. Sauran duk a wayoyin yayyenmu muka gan su. A wannan zangon muka yi wa junanmu tambaya ɗaya: da za a ba ka tikiti kyauta, ka shiga duk jirgin da ka ga dama, wanne za ka zaɓa? Amsoshin da muka samu ne suka sa muka ce wannan magana ta fi ƙarfin hirar bayan tashi, sai an kafe ta a allo kowa ya karanta.

Wadda ta fara magana 'yar aji biyar ce daga Nasarawa, ba ta yi wata-wata ba ta zaɓi jirgin wanka. Jirgin nan Airbus A380 ne na kamfanin Emirates da ke Dubai. Shi ne jirgin fasinja mafi girma a duniya, bene ne tun daga kai har wutsiya, kuma daga bakin wannan fiffike zuwa wancan kusan mita 80 ne. Tun shekarar 2008 kamfanin ya sa banɗakunan wanka guda biyu a gaban hawan sama, domin fasinjoji 14 kacal na sashen alfarma. Daɓen banɗakin ma yana da ɗumi, don kada sanyi ya taɓa tafin ƙafa. Sai dai ruwan a ƙididdige yake. Minti biyar ake ba kowa, ga ma'auni a bango yana nuna maka abin da ya rage. Da ta ji haka sai ta yi dariya, ta ce minti biyar ai ɓarna ce, ita da ke wanka da rabin bokiti har ta rage na wanke safa. A unguwarsu, in rani ya yi, kafin ta sa kayan makaranta sai ta bi layin burtsatse, ko a zauna jiran mai kura. Wani ɗan ajin kimiyya ya yi mana bayanin dalilin ƙididdigar. Ya ce kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma duk kilon da jirgi ya ɗaga sama, da mai ake ɗaga shi. Ashe ko a can ruwa ba a banza yake ba.

Na biyu ya zaɓi abin da kamfanin Etihad na Abu Dhabi ya ƙaddamar a watan Disamba na 2014, wanda suke kira The Residence. Shi ma a cikin A380 yake, amma wannan ya wuce kujera. Ɗakuna uku ne a jere: falo, banɗaki mai wurin wanka, da ɗakin kwana mai gado, duk domin mutum ɗaya ko biyu. Lokacin da aka fara shi har da hadimi na musamman wanda ba ya yi wa kowa aiki a jirgin sai mai ɗakin. Wanda ya zaɓi wannan su biyar ne maza a ɗaki ɗaya a gidan haya, kuma sai ƙannensa sun yi barci yake samun wurin buɗe littafi. Da muka duba girman wurin sai muka ga murabba'in ƙafa 125 ne gaba ɗaya. Muka ɗauko biro muka buga lissafi: ɗakin haya mai ƙafa 12 tsawo 12 faɗi ya kai 144. Muka yi ta yi masa tsiya cewa ɗakinsu ya fi na attajiran girma. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni ba girman nake so ba, ƙofar nake so. In rufe ta, kowa ya san sai ya ƙwanƙwasa."

Na uku ɗan auta ne a gidansu, shi kuma doguwar tafiya ya zaɓa. Kamfanin Singapore Airlines yana da jirgin da ke tashi daga Singafo bai sauka ko'ina ba sai New York ta Amurka, tafiyar sama da kilomita 15,000, fiye da awa 18 a sama. Kujeru 161 ne kawai a ciki, an cire sashen gama-gari ɗungurungum don a rage nauyi, mutane kuma su samu wurin miƙe ƙafa. Wannan kamfani ne ya fara ɗaukar fasinja da A380, ranar 25 ga Oktoba 2007, daga Singafo zuwa Sydney. Gwanjon kujerun tafiyar farko aka yi aka ba da kuɗin sadaka, har wani ya biya sama da dala 100,000. Muka tambayi ɗan auta, wa zai so zaman awa 18 a wuri ɗaya? Ya ce shi. Awa 18 ba a ɗauke wuta ba, babu ƙarar injin niƙa, babu hayaƙin janareton maƙwabta, kuma babu mai kiran sunansa ya ce je ka sayo magi. Duk 'yan autan da ke wurin suka tafa masa.

Na huɗu ya zaɓi jirgin da ba ya tashi yanzu, wato Concorde. Ingila da Faransa ne suka haɗu suka ƙera shi, ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 1976. Gudunsa ya ninka gudun sauti, fiye da kilomita 2,100 a awa ɗaya. Daga Landan zuwa New York awa uku da rabi yake yi, inda sauran jirage ke cin awa bakwai zuwa takwas. Da yake agogon New York yana bayan na Landan da awa biyar, wanda ya tashi ƙarfe goma da rabi na safe sai ya sauka ƙarfe tara na safiyar ranar. Cikinsa matsattse ne, kujeru 100, tagoginsa ba su fi tafin hannu da yawa ba. Lokaci mutane ke saya a cikinsa. Abokin namu duk Asabar yana taya mahaifiyarsa ɗauko kaya daga babbar kasuwa zuwa Sabon Tasha, ya san abin da ake nufi da cunkoso a kan gada da yamma, buhu a cinya, rana a ƙeya. Ya buga lissafi ya ce a gudun Concorde, kilomita 35 a minti ɗaya, daga Kaduna zuwa Abuja ba zai cika minti shida ba. Sai dai ya makara. Tsadar mai da ƙarar da jirgin ke yi, ga haɗarin da ya auku kusa da Paris a 2000, sun taru sun sa an ajiye shi a 2003, kafin a haifi ko ɗaya daga cikinmu.

Da muka jera amsoshin a takarda sai wani abu ya fito fili wanda ba mu lura da shi ba lokacin da muke ta surutu. Ba wanda ya zaɓi jirgi saboda ƙasar da zai kai shi. Ba wanda ya ambaci Dubai ko New York da sha'awa. Mai jiran ruwa ta zaɓi ruwa, mai kwana a cunkushe ya zaɓi ƙofa, wanda ake aika ya zaɓi hutu, mai daɗewa a kan gada ya zaɓi sauri. Abin da manyan kamfanonin nan ke sayarwa da tsada a sama shi ne abin da muka rasa a ƙasa, kuma yawancinsa abu ne da ya kamata a ce kowane gida yana da shi ba tare da an kira shi alfarma ba. Wannan ya ɗan sanyaya mana jiki. Mun zaci hirar jirage muke yi, ashe hirar gidajenmu muke yi.

Malamin da ke kula da kulob ɗinmu ya karanta takardar, ya mayar mana da ita ya ce, "Yarana, hangen Dala ba shiga birni ba." Mahaifiyar ɗaya daga cikinmu kuma da ta ji labarin cewa ta yi kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Ba mu ɗauki maganarsu da wasa ba, domin mun san abin da suke gudu. Kuɗin tikiti ɗaya na irin waɗannan ɗakuna ya fi abin da yawancin iyayenmu ke samu a shekara. Yaron da ya wuni yana kallon hoton wani a kishingiɗe a jirgi, ya juyo ya ga tabarmar ɗakinsu, zuciyarsa na iya ɗaukar hanyar da ba ta da kyau. A unguwanninmu duk mun san labarin matasan da suka bar karatu suka shiga damfarar intanet don su ma su ɗauki irin hoton. Mun ji labarin gidajen da aka sayar da fili aka ba dillali kuɗin fitar da yaro waje, ƙarshe ta Agadez aka bi da shi a bayan mota zuwa Libiya. Mun ji na 'yan matan da suka shiga jirgi da murna, aka karɓe musu fasfo a ƙofar gidan da za su yi aikatau. Duk da mafarkin tashi sama suka fara.

To shin mu daina mafarkin ne? Mun yi ta ja-in-ja a kan wannan, har muka koma wajen waɗanda suka riga mu. A gidajen Musulmin cikinmu, jirgin mafarki tun fil azal jirgin Makka ne. A gidajen Kiristocin cikinmu kuwa na Urushalima ne, wanda in mutum ya dawo ake ƙara masa JP a bayan suna, kamar yadda ake kiran wancan Alhaji ko Hajiya. Kafin zuwan jirgi, da ƙafa da jaki da raƙumi ake tafiya aikin Hajji, ta Borno da Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya. Tafiyar kan ci shekaru, wasu ba su dawo ba, jikokinsu na nan a Sudan har yau suna jin Hausa. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Yanzu tafiyar da kakannin kakanninmu ke yi a shekaru ta koma ta kimanin awa biyar.

Kakar ɗaya daga cikinmu ta yi shekaru tana zubin adashi da kuɗin ƙuli-ƙuli kafin ta biya kujera. Ta kwana a sansanin alhazai na Mando, ta shiga jirgi su ɗaruruwa, gwiwa na gugar kujerar gaba. Jikarta ta nuna mata hoton gadon cikin jirgi a waya ta ce, "Kaka, da wannan kika shiga fa?" Tsohuwar ta duba ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya gaya miki barci na je yi? Ni da ban runtsa ba don kada wani abu ya wuce ni." Har yau in ta fara ba da labarin yadda gidaje suka koma kamar ƙwayar gero a ƙasa, sai an tuna mata tuwo na hucewa. Mafarkinta ya ɗauke ta shekaru tana aiki, kuma bai sa ta taɓa kayan kowa ba. Daga nan muka fara gane cewa ba mafarkin ke kai mutum ga wahala ba, hanyar da ya ɗauka ce.

Kuma mutanen ƙasar nan ba a kujerar fasinja kaɗai suka tsaya ba. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a Kano, jiragensa Boeing 747 suka yi shekaru suna jigilar alhazai. Alhaji Ɗahiru Mangal na Katsina ya kafa Max Air, shi ma da 747 ya yi suna a aikin Hajji. A nan Kaduna, marigayi Alhaji Ahmadu Chanchangi ya kafa Chanchangi Airlines, wanda iyayenmu ke tunawa a hanyar Kaduna zuwa Legas. Sunayen Hausawa ne a rubuce ɓaro-ɓaro a jikin jirage.

Jirgin alfarma ma ya taɓa zuwa garinmu. Ranar 8 ga Maris 2017 aka rufe filin jirgin Abuja na makonni shida don gyaran titin saukar jirage, aka karkato da zirga-zirgar zuwa Kaduna. Manyan kamfanonin ƙasashen waje suka ƙi zuwa, sai Ethiopian Airlines na Habasha ya amince, ya kuma turo Boeing 787, wanda ake yi wa laƙabi da Dreamliner, wato jirgin mafarki. Kusan rabin nauyin jikinsa ba ƙarfe ba ne, wani haɗin zare ne mai ƙarfi marar nauyi. Tagoginsa ba su da marufi, maɓalli ake dannawa gilashin ya yi duhu. Lokacin muna firamare, amma yayyenmu sun ce an yi ta maganar a gari kamar an yi baƙon sarki. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne mai jirgin. Kamfanin ƙasar Afirka ne, ya fara tashi tun 1946, yana da makarantarsa ta horar da matuƙa da injiniyoyi a Addis Ababa, yana kuma gyara jiragensa da hannun 'yan ƙasarsa. Namu kamfanin na ƙasa, Nigeria Airways, an kafa shi a 1958, ya durƙushe a 2003, shekarar da aka ajiye Concorde.

Mu 'yan kudancin kogi ba sai an yi mana dogon bayani a kan durƙushewa ba. Kullum muna wucewa ta gaban gine-ginen masaƙu a Kakuri, inda aka buɗe KTL a 1957, inda kakanninmu suka yi aiki dare da rana, yau ciyawa ta fi mutum tsawo. A Kakurin nan aka buɗe kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, kuma a shekarunsa na farko ta jirgin sama ake kawo sassan motocin daga Lyon ta Faransa zuwa Kano, sannan a ɗoro su a manyan motoci zuwa nan. Wato akwai lokacin da jirage ke tasowa daga Turai saboda aikin hannun mutanen unguwarmu. Jiragen Chanchangi da na Kabo ma yanzu sai a labari. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, in babu masu riƙe shi. Jirgi ba ya zama a sama don kyan kujerunsa. Akwai wanda ya kwana yana duba injinsa, da wanda ya lissafa man da zai sha, da wanda ke zaune a hasumiya yana raba masa hanya da sauran jirage, da akawun da ya hana kuɗin kamfani zurarewa.

A cikin binciken da muka yi, tafiya ɗaya ce duk muka yarda ta fi sauran, kuma ba a sayar da tikitinta ba. Ranar 30 ga Yuni 1973 aka yi husufin rana wanda inuwarsa ta ratsa Afirka. Wanda ke tsaye a ƙasa, iyakar duhun da zai gani minti bakwai ne da 'yan daƙiƙu. Sai masana taurari suka roƙi a ba su Concorde na gwaji, aka huda rufinsa aka sa tagogi na musamman don na'urorinsu. Jirgin ya tashi daga tsibiran Canary, ya shiga cikin inuwar wata, ya yi ta tsere da ita a saman Sahara. Minti 74 suka yi suna kallon rana a rufe ruf, abin da babu ɗan Adam da ya taɓa gani kafin su, sannan suka sauka a babban birnin Chadi, nan maƙwabtanmu. Babu gado a jirgin, babu wurin wanka, wayoyi ne da na'urori ko'ina. Ko nawa attajiri ya tara ba zai samu kujera a ciki ba. Waɗanda suka shiga, abin da suka sani ne ya shigar da su, su da matuƙan da suka iya kai jirgi cikin inuwar a daidai lokacin da aka lissafa.

Irin wannan ƙofar ba ta yi mana nisa kamar ta The Residence ba. In ka hau mota a tashar Kawo, kimanin kilomita 80 ne zuwa Zariya, inda Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Nijeriya take tun 1964. A can ake koyar da tuƙin jirgi, da gyaransa, da kula da zirga-zirgarsa, da aikin kula da fasinja. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, a can ta yi karatu, daga baya ta dawo ta shugabanci kwalejin. A cikin garin nan akwai AFIT, cibiyar fasaha ta sojojin sama, wadda ke ɗaukar farar hula tana koyar da injiniyancin jirage. Akwai NDA, inda ake horar da hafsoshin da wasunsu ke zama matuƙa. A Kaduna aka harhaɗa ƙananan jiragen koyon tuƙi da ake kira Air Beetle a shekarun 1990. A Kaduna aka ƙaddamar da jirage marasa matuƙi guda biyu masu sunan Hausa, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Duk wannan a tsallaken gadar da muke haurawa ne.

Ga 'yan'uwanmu mata da ke jin wannan harka ta maza ce, ku tuna da Tolulope Arotile. A Kaduna aka haife ta a 1995, a nan ta yi firamare da sakandare a makarantun sojojin sama. Ta shiga NDA a 2012 ta karanta lissafi, a 2019 kuma ta zama mace ta farko a Nijeriya da ke tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu. Ta rasu a haɗarin mota a watan Yuli na 2020 tana da shekara 24. Rayuwarta ba ta yi tsawo ba, amma iskar garin nan ta shaƙa, irin jarrabawar da za mu zauna ta zauna, kuma kujerar da ta samu tana gaba da duk wani sashen alfarma, domin daga ita ake juya jirgin.

Ba za mu ce hanyar mai sauƙi ce ba. Kuɗin koyon tuƙin jirgi miliyoyin naira ne, kuma masu neman shiga NDA da AFIT sun ninka guraben da ake da su nesa ba kusa ba. A cikinmu akwai wanda ko kuɗin rajistar WAEC sai an yi taron dangi. Amma akwai ɓangaren da ke hannunmu yanzu, a cikin wannan harabar. Duk waɗannan makarantu suna neman sakamako mai kyau a lissafi da Turanci, masu son tuƙi da injiniyanci kuma sai da fiziks. Darasin lissafin da ake sulalewa daga cikinsa bayan tara, shi ne matattakalar farko. Ƙannenmu na aji uku da za su zaɓi ɓangare a ƙarshen shekara, kada ku guje wa ajin kimiyya don an ce da wuya, ko don ƙawa ta tafi wani ajin. 'Yan ajin kasuwanci da na adabi kuma kada ku ce babu ku a ciki. Kamfanonin jiragen da suka mutu a ƙasar nan, ba rashin matuƙa ne ya kashe su ba. Ana buƙatar masu riƙe asusu da gaskiya, da lauyoyi, da 'yan jaridar da za su tambayi inda kuɗi suka shiga.

Ba kuma lallai sai kowa ya ƙare a filin jirgi ba. Wadda ta zaɓi jirgin wanka ta ce ita yanzu injiniyar ruwa take son zama, domin ta lura abin da ke damunta yana ƙarƙashin ƙasa ne. Mai son ƙofa yana maganar zanen gidaje. Mun koma wajen malaminmu muka ce, "Malam, gaskiya ne hangen Dala ba shiga birni ba, amma ai fatake da sun hango Dala suke ƙara sauri." Ya yi murmushi ya ce to mu nuna masa saurin a sakamakon wannan zangon.

Saboda haka kulob ɗinmu ya rubuta takarda zuwa ga shugaban makaranta, muna roƙon a shirya mana ziyarar ilimi zuwa kwalejin Zariya a zango mai zuwa, domin gani ya kori ji. Mun fara tara kuɗin mota kaɗan-kaɗan duk Juma'a a hannun ma'ajinmu, kuma ƙofa a buɗe take ga kowane aji, maza da mata. Mun bar farar takarda a ƙasan wannan rubutu. Duk wanda ya karanta har nan, ya rubuta jirgin da zai zaɓa da dalilinsa, ba sai ya sa suna ba. Masu son zuwa Zariya kuma su same mu a ɗakin karatu ranar Laraba bayan tashi, kowa ya zo da biro da littafin lissafinsa.